Yatsan Iya a Kan Rasit

Ɗantsoho birkila ne, kuma birkilan kirki. Daga Babban Mutum har Baure babu mai nuna maka katangar da ya ɗora ta tsage. Abu ɗaya ya rasa, shi ne kamfani. A shekarun nan kuwa da suka biyo bayan ƙaddamar da shari'a, lokacin da ake ta rabon aikin gina azuzuwa da ɗakunan shan magani a ƙauyuka, iya aiki kaɗai ba ya kawo wa mutum kwangila. Sai kana da rajista, kana da hatimi, kana da takardar shaidar biyan haraji. Shi kuwa bawan Allah, in ka ɗauke cokalin gini da igiyar awo, ba shi da abin da zai nuna wa hukuma.

Saboda haka ya yi abin da ire-irensa suke yi, ya shiga lema. Haka suke kiran abin a tsakaninsu. Akwai wani Alhaji Nu'uman a Daura mai kamfanin da ya cika duk sharuɗɗa, to shi ne lemar. Da sunan kamfaninsa ake karɓo aiki, Ɗantsoho ya je ya yi da leburorinsa, in an tashi biya kuɗin su faɗa asusun kamfani. Alhaji ya zare kamashonsa, a zare na haraji, abin da ya rage a miƙo wa mai gumin. Ko a allon da ake kafawa gaban ginin ba ka ganin sunan Ɗantsoho, kuma wannan bai taɓa hana shi barci ba.

Abincin leburori kuwa, tun ranar da ya fara ɗaukar mutane aiki, daga gidan Iya Adawiyya yake fitowa. Ba Iya ce ta haife shi ba. Mahaifiyarsa ta rasu yana cikin tsumma, ko arba'in ba a yi ba, ita kuma Adawiyya maƙwabciyarsu a lokacin tana goyon ɗanta Audi. Babu wanda ya roƙe ta. Ta shiga gidan makoki ta tarar da jariri yana tsala kuka a hannun wata tsohuwa ana ɗura masa ruwan ɗumi, ta karɓe shi, ta sami wuri ta zauna ta sa masa nono. Haka ta haɗa su biyu ta shayar har yaye. Audi ya girma ya bi fataucin shanu zuwa kudu, sai a shekara ba a ga ƙeyarsa ba. Ɗantsoho ne ya zauna kusa. Shi ke gyara mata ɗaki in damina ta taɓa shi, shi ke goya ta a babur zuwa asibiti, ita kuma har furfura ta fito masa a gemu ba ta fasa ce masa "ɗan nan" ba, ba ta kuma fasa yi masa faɗa a kan yawan shan shayi ba.

Ba a taɓa yin ciniki tsakaninsu ba. In ya sami aiki sai ya sa a kai mata buhun gero da wake da galan ɗin man gyaɗa, ya tura wasu 'yan kuɗi ƙarƙashin tabarmar da take zaune ya ce, "Iya, ga na cefane." Ba ta dubawa a gabansa. In sun yi yawa ta ƙara nama a miya, in sun gaza ta sayar da kazarta ta cika, ba ta faɗa wa kowa ba. Da azahar sai ka ga amalanke ya iso wurin aiki da daro cike da tuwo, leburori su yi caa a kai. Wasunsu ma, wallahi, ba don kuɗin Ɗantsoho suke binsa ba, don miyar kukar Iya ce.

Ana nan sai Alhaji Nu'uman ya ɗauki sabon akanta, wani matashi mai suna Musaddiq, mai ladabi, mai fararen kaya, wanda ya dawo daga karatu da dokar haraji a ka kamar Fatiha. Ranar da Ɗantsoho ya je Daura karɓar kafin alƙalami na wasu azuzuwa da za a gina a wani ƙauye kusa da garinsu, Musaddiq ya zaunar da shi ya yi masa bayani dalla-dalla.

"Baba, a kan riba ake cire haraji. Duk abin da ka kashe saboda aikin, in akwai shaida, za a ware shi tukuna kafin a yi lissafi. Wanda babu shaida kuwa, a wurin mutanen haraji riba ce ka ci, kuma daga kasonka Alhaji zai zare harajinta."

"To ni wace shaida gare ni? Ginin ba shaida ba ne?"

"Ginin shaida ne cewa an yi gini. Rasit suke so. Siminti, rodi, katako, kuɗin mota, duk wanda ka ba kuɗi ya ba ka takarda."

Ɗantsoho ya yi dariya har da buga gwiwa. "Yanzu mai amalanken da ke ɗebo mini yashi ne zai ba ni takarda? Ko mai jakin ruwa?"

Ashe Musaddiq ya riga shi wannan tunanin. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wani ɗan littafin rasit da ya sa aka buga da Hausa, musamman saboda mutanen ƙauye. Kowane shafi da wurin rubuta abin da aka saya da kuɗinsa, can ƙasa kuma layi biyu ne, ɗaya an rubuta "mai saye", ɗayan "mai sayarwa". Ya haɗa masa da ɗan gwangwanin tawada. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa, magana ta ƙare.

"Abincin leburori fa, Baba? Wa ke yi maka?"

"Tsohuwata ce."

"Ita ma sai ta dangwala. Ai ciyar da ma'aikata ɗawainiyar aiki ce, ina ganin zai wuce."

Nan ne ya kamata Ɗantsoho ya ce a'a. Musaddiq ba zai matsa ba, tunda ba aljihunsa ba ne. Har bakin Ɗantsoho ya buɗe. Sai ya tuna yadda aka zabtare masa kaso a aikin baya har ya kasa sauya tayar babur, ya tuna buhunan geron da suka shige tukunyar Iya ba wanda ya lissafa masa su. Ya ce a ransa, haba, takarda ce fa kawai, wa zai gani? Ya ninke littafin ya cusa a aljihun gaba.

Mai amalanke ya dangwala yana dariya, ya ce yau shi ma ya zama ma'aikacin gwamnati. Mai jaki sai da aka rantse masa ba harajin jaki za a biyo shi da shi ba sannan ya miƙo yatsa. Na Iya ne ya tsaya wa Ɗantsoho a wuya. Ya yi ta zuwa gidan da littafin a aljihu, ya ci tuwo, ya sha faɗa, ya tashi bai fito da shi ba. Da gini ya kai linta, Musaddiq ya bugo waya yana tambayar takardu, sai Ɗantsoho ya ga dai babu makawa.

Ya same ta da hantsi tana tsintar wake a tsakar gida. A 'yan shekarun nan Iya ta shiga makarantar matan aure da wata Malama Amatullah ta buɗe a gidan mijinta, irin waɗanda suka yawaita bayan zuwan shari'a. Ana gyara musu Fatiha, ana koya musu hukuncin tsarki, Malama kuma takan ɗan haɗa musu da baƙaƙen boko don su iya karanta sunan magani. Iya ta ɗauki abin da zafi. Ko a ƙasa ta ga takarda ba ta wuce ta, sai ta ɗauka ta yi ta haɗa baƙi. Ga ido ya soma rauni, ga taurin kai, ba ta yarda a taya ta.

"Iya, wata 'yar shaida ce mutanen Daura suke so," in ji shi, yana kallon wake maimakon fuskarta. "Cewa daga hannunki abincin yaran nan yake fitowa. Yatsa kawai za ki dangwala a nan."

"Kawo in gani. Malama ta ce kada mu ƙara sa yatsa a kan abin da ba mu karanta ba."

Ya miƙa mata. Saman takardar rubutun hannunsa ne, wanda ko shi kansa da ƙyar yake gane shi, don haka ba ta ko tsaya a nan ba. Ta goge hannu a zane, ta nesanta takardar da idonta, ta matso da ita, ta sa farce a ƙarƙashin layin da ya nuna mata.

"Ma... mai. Mai sha... yar... wa." Ta ɗago kai. "Mai shayarwa?"

Sai fuskarta ta washe gaba ɗaya, ta saki wata dariya da ya daɗe bai ji irinta ba.

"Ikon Allah! Ɗan nan, ashe labarin ya kai har Daura? Su ma sun san ni na shayar da kai?"

Kai, da a nan ya gyara mata, da abin ya tsaya a ɓacin ran yini guda. Ta zage shi, ta jefe shi da murfin kwano, gobe ta manta. Amma ya dubi yadda idonta ya kawo ruwa don murna, ya dubi littafin, ya ga hanya ta buɗe masa a sauƙaƙe ba tare da ya sha kunya ba.

"Ya kai, Iya," in ji shi. "Sun sani."

"To Allah ya yi musu albarka, 'ya'yan mutunci. Ni da na ɗauka gwamnati ba ta san komai ba sai karɓa." Ta danna babban yatsanta a tawada, ta ɗora a kan layin da ƙarfi, har da ɗan murzawa don ya fito sosai. "Ga shi nan. Ko gaban alƙali aka kai ni haka zan maimaita."

Ya fita gidan yana jin kansa kamar wanda ya saci akuyar maƙwabci. Amma da ya isa wurin aiki, ya shiga hayaniyar kwaɓa siminti, zuciyarsa ta soma ba shi haƙuri. Ai bai cuce ta da komai ba. Ai murna ma ya sa ta. In aka gama aiki aka rage masa haraji, ita zai fara saya wa zane.

Daga nan ita ce ma ke tuna masa. Duk ranar Alhamis in ya leƙa sai ta ce, "Ina takardar tawa?" Shi kuma ya cike saman da rubutunsa, tuwo kwano kaza, kuɗi kaza, farashin da shi ya yanka da kansa, tunda Iya ba ta taɓa sa wa tuwonta kuɗi ba. Wata rana ta ce ya bar mata guda ta ajiye. Ya soma kame-kame, ta ce, "Au, shaidata ce kuma za ka hana ni?" Ya yage mata kwafin ƙasa. Ta ninke shi a hankali ta sa a jakar da take zuwa makaranta da ita. Ya so ya gaya wa matarsa Maijidda, wadda ita ma ɗalibar Malama Amatullah ce, sai ya fasa, don ya san abin da za ta ce masa.

Ranar da ake buga kwanon rufi yana bisa tsani ya hango amalanken abinci tafe, ga Iya zaune a gefen daro ta dafe shi da hannu. Ba ta taɓa zuwa wurin aikinsa ba. Ya sauko da sauri har yana tsallake matakala.

"Iya, lafiya? Me ya fito da ke cikin ranar nan?"

"Lafiya lau. Zo nan gefe."

Suka koma inuwar wata darbejiya, nesa da leburori. Ta kwance bakin mayafinta ta ciro takardar ta miƙa masa.

"Karanta mini nan. Ka san idona ba ya gani sosai."

"Iya..."

"Karanta."

Ya karanta, murya can ƙasa. "Mai sayarwa."

"Ban ji ba."

"Mai sayarwa."

"Na saman fa, wanda ka sa wa hannu?"

"Mai saye."

Ta gyaɗa kai. "To wannan rubutun naka mai kama da tafiyar tsutsa fa, me ya ce?"

Ya karanta mata. Tuwo da miya, kwano kaza, kuɗi kaza.

"Har da naka kwanon a ciki?"

Har da nasa, domin Musaddiq ya ce a ƙirga duk wanda ya ci a wurin aiki.

"Ranar farko da na karanta ba daidai ba, ka ji ni?"

"Na ji."

"Ka san ba haka ba ne?"

"Na sani, Iya."

Ba ta zage shi ba. Da ma ta zage shi! Da ma ta ɗaga murya leburori sun ji, ta kira shi butulu, ta ce ya ɓace mata da gani. Duk wannan ya san yadda zai yi da shi. Ita kuwa sai ta karɓi takardarta ta sake ƙulle ta a bakin mayafi.

"To madalla. Gara da na sani. Mai sayarwa ai ba ta girki da ka, sai ta san farashi. Gobe a aiko a faɗa mini mutum nawa ne, ni kuma in faɗi kuɗina."

Ta juya ta hau amalanke. Ya miƙa hannu zai taimaka mata, ta kama ƙarfen gefe ta hau da kanta.

Sai da ya koma gida da la'asar ya ji yadda aka yi. Maijidda ko ruwa ba ta kawo masa ba. Ta ce jiya a makaranta, bayan an gama karatu, Iya ta miƙe a gaban mata ta ce yau ta zo da abin da za ta karanta da kanta ba mai taya ta. Ta ce takardar gwamnati ce daga Daura, an rubuta shaidar cewa ita ta shayar da Ɗantsoho. Ta karanta da ƙarfi, mata suka ɗauki masha Allah, wata har da guɗa. Malama ta karɓa don ta gani. Ita kuma malama ce, ba ta iya barin kuskure ya wuce, sai ta ce a hankali, "Iya, ƙara dubawa. Sa ne a nan, ba sha ba." Kafin a ankara wata amarya mai rawar kai ta leƙo ta karance takardar tas, har da kwanonin da kuɗinsu. Wata ta yi dariya, ba da mugunta ba, kuɓuce mata ta yi. Iya ta karɓi abinta ta ce, "Na gode, Malama, yau na ƙaru," ta koma ta zauna har aka yi addu'ar tashi.

"Wallahi, Malam, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige," in ji Maijidda. "Matar da ta ba ka nono ita ka sa ta dangwala maka yatsa a kan tuwo?"

"Ba ki gane ba ne. Maganar haraji ce."

"Harajin banza! Nawa ne harajin? Kuma da ta karanta ba daidai ba, haraji ne ya kama maka baki?"

Ya tashi ya ɗebo wa kansa ruwa.

Washegari Iya ta aiko da farashinta. Ba ta tsawwala ba, ba ta kuma rage ba, daidai da na masu tuwo a kasuwar Babban Mutum. Geron da ya saura ta sa aka mayar masa gida. Tuwo ya ci gaba da zuwa da azahar, babu abin da ya ragu a daɗinsa, leburori ba su ma san an yi wani abu ba. Shi ne dai ya daina iya ci, sai ya koma gefe ya sa a sayo masa ƙuli da ruwa. Ranar Alhamis ta aiko a kawo littafi. Ya tura Maijidda da littafin ta ce mata a bar maganar takardar nan, ya fasa. Maijidda ta dawo da littafin da sabon dangwale a ciki, da saƙo: a yi abu bisa ƙa'ida, kada gwamnati ta ci shi tara saboda ita.

Ya kamata ya je da ƙafarsa a ranar, ya durƙusa, ko da za ta kore shi. Kunya ta hana shi. Kullum sai ya ce gobe, goben kuma in ta zo sai ya ga aiki ya yi yawa. Ya bi ta wani layi don kada ya wuce ƙofar gidanta. Ya ce bari zuciyarta ta huce tukuna, bari a gama fenti, bari a biya kuɗi. Haka aka gama azuzuwa, aka kafa allo da sunan kamfanin Alhaji Nu'uman, yara suka shiga, bai taka gidan ba.

Bayan kaka Musaddiq ya kira shi Daura. Ya tarar da yaron da fara'a, ya ce an yi sa'a, mutanen haraji sun karɓi na siminti da rodi da katako, har na mai jaki sun karɓa. Sannan ya jawo wani ƙunshin takardu ɗaure da roba ya tura masa a kan tebur.

"Waɗannan ne kawai suka dawo da su. Na abinci. Sun ce leburorinka 'yan aikin yini ne, abincinsu yana cikin ladansu. Kai kuma ba ma'aikacin kamfani ba ne, ɗan kwangila ne a ƙarƙashinsa, abin da ka ci cikinka ya shiga, ko kana aiki ko ba ka yi sai ka ci. Ka yi haƙuri, Baba, ni na ce maka zai wuce. Amma ba wani abu ba ne, ko da sun karɓa ɗan abin da za a rage maka bai taka kara ya karya ba."

Ɗantsoho ya zare robar. Shafi bayan shafi, ga yatsan Iya. Na farko-farkon sun fito raɗau, an danna da ƙarfi. Na baya kuwa da ƙyar ake ganinsu.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya, ɗana. Ba laifinka ba ne."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya yi niyya. Ya sayi turmin atamfa, ya kai ƙofar gidansa da shi, sai ya tuna tana iya tambayarsa nawa ne, ya bar shi a ɗakin Maijidda. Takardun kawai ya ɗauka. Gidan Iya ba a shiga, amma wannan ga sauran maza ne, shi tun yana rarrafe yake ratsa shi. Ya yi sallama yana tafe kamar yadda ya saba, ya wuce zaure, har ƙafarsa ɗaya ta taka tsakar gida, sai ya ji muryarta daga ɗaki.

"A dakata a zaure. Ina fitowa."

Ya ɗauka da wani take. Ya waiwaya, babu kowa sai shi. Ya koma da baya, ya cire takalma, ya zauna a kan tabarmar baƙi. Shi ya yi wa zauren nan daɓe da hannunsa, amma bai taɓa zama a cikinsa ba.

Ta ɗan jima kafin ta fito. Da ta fito sai ya ga ta zumbula hijabi har ƙasa, wanda take zuwa Idi da shi, ta ja shi ya rufe har haɓa. Matar da ta yi masa wanka, ta goya shi, wadda ya saba tararwa da ɗaurin ƙirji tana tuƙa tuwo. Ta zauna daga bakin ƙofa, ta ba shi gefe.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya iyali? Ya aiki?"

"Iya, sun dawo da su." Ya ajiye takardun a tsakaninsu. "Ba su karɓa ba. Duk abin nan a banza na yi shi."

"Ayya. Allah ya mayar da alheri."

"Iya, ki yafe mini don Allah. Na cuce ki, na cuci kaina. Na kunyata ki a gaban mata, na kuma kasa zuwa in ba ki haƙuri." Muryarsa ta karye, ga shi gemu da furfura yana kuka yana share hanci da hannun riga.

"Na yafe. Tun a gindin darbejiyar nan na yafe, duniya da lahira. Ba zan tsaya da kai gaban Allah a kan tuwo ba."

"To hijabin nan fa, Iya? Ni ne fa. Ni muharraminki ne."

"Na sani. Na tambayi Malama, ta ce nono ba ya warwarewa, ko an so ko ba a so. Hukuncin yana nan." Ta gyara zama. "Cewa aka yi ba dole in rufe ba. Ba a ce dole in buɗe ba."

Ta kalli bango, sannan ta ci gaba.

"Ba takardar ce ta yi mini ciwo ba, ɗan..." Ta haɗiye sauran. "Malam. Da ka zo ka ce, Iya, haraji ya matsa mini, dangwala mini nan, da yatsu goma zan ba ka, ko me aka rubuta. Abin da ya tsaya mini a rai, ka gan ni ina murna, ka san a kan me nake yi, ka bar ni ina yi. Na yi ta ƙoƙarin in cire shi, ya ƙi fita."

"Me zan yi, Iya? Ki faɗa mini, ko mene ne."

"Babu komai. Ka je ka kula da iyalinka." Ta dafa bango ta miƙe. "In an sami wani aikin a sanar da ni da wuri, don in sa a surfa gero."

Ta shige. Ya zauna yana kallon inda ta tashi, yana jira ko za ta leƙo ta ce wasa take yi, ya shigo ya ci abinci. Daga tsakar gida ya ji muryar wata maƙwabciya da ta leƙo ta katanga.

"Iya, baƙo kika yi ne? Wa ya zo?"

"Ɗan kwangilar nan ne," in ji Iya, "mai sayen tuwo."

Ɗantsoho ya tattara takardunsa, ya duƙa ya ɗauki takalmansa.